Da Fensir

Ofishin Farfesa Huizenga yana hawa na uku,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho.
Ta taga ana hango gonakin Ayowa,
an aske musu masara, sai kututture cikin ƙanƙarar Maris.
Ya ture kofin gahawa, ya shimfiɗa takardata:
gida takwas, zango takwas,
uku na cinye, na huɗu yana bakina.

"Greta," ya ce, "ajiye biro.
Da fensir ake wannan aiki."

Kiredit ɗari da ashirin da huɗu kafin a ɗora mini hula.
Arba'in da biyu na lissafi ne,
sauran, in ji shi, na zama mutum:
Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, falsafa,
har da iyo ranar Talata
a ruwan da ke bar wa gashina warin magani.

Kundin kwasa-kwasan nan littafin asali ne.
Kalkulas na ɗaya ya haifi na biyu,
na biyu ya haifi na uku,
aljebrar layi ta haifi aljebrar rukunai,
kuma ba ɗan da ke riga mahaifinsa zuwa duniya.

A nan igiyata ta tsinke.
Tsakiyar Oktoba Baba ya faɗo daga tsanin rumbu,
ƙugu ya karye,
masara na tsaye, ba ruwanta da jarrabawa.
Mako biyar ina kan injin girbi,
ina juyawa a ƙarshen kunya har sha biyun dare.
Na janye daga aljebrar layi.
A takarda, harafi ɗaya tak ya ba da labarin duka.

Ita kuwa ta rukunai ba kullum take fitowa ba,
kaka ɗaya cikin shekara biyu,
malami ɗaya, ɗalibai bakwai, allo mai tsaga.
In ta wuce ni bana
sai na dawo bayan tsarana sun tafi,
kuma na san filin da za a sayar: na bakin rafi.

Ya yi shiru yana kaɗa fensir a haƙori.
Ya ɗauke ƙididdiga ya kai ta gidan ƙarshe,
ta yi karo da darasin koyarwar ikilisiya,
duka biyu ƙarfe sha ɗaya.
Ya goge. Ya sake gogewa.
Takarda ta yi siriri har haske na ratsa ta.
"Kakanninmu sun koya mana an ƙaddara komai tun fil azal," ya ce,
"ofishin rajista ne dai ba a sanar da su ba."
Ban yi dariya ba sai da na ga yana jira.

Sai ya ja wani ɗan gida a gefe,
wajen layi, inda ba a buga komai ba,
ya rubuta: Yuni, Yuli. Litinin da Alhamis.
"Matata na cewa ina tare mata hanya a gida lokacin hutu.
Ki zo da littafin, kada ki zo da uzuri."

Na ƙirga. Na sake ƙirgawa da yatsa kamar 'yar firamare.
Ɗari da ashirin da ɗaya.
Saura uku, gida guda fayau a zangon ƙarshe.
Na kai hannu, ya janye takardar.
"Bar shi. Ba ki san abin da za ki so ba tukuna."

Ƙararrawar ɗakin sujada ta buga ina kan matakala.
Ban shiga ba. Na tsaya jikin bango na kira gida.
Baba ya saurara har na kai aya,
ina jin sandarsa na taɓa daɓen kicin.
"To, wa zai yanka ciyawa a Yuni?"
"Ni. Talata da Laraba."
"Hadari ba ya duba jadawali, Greta."
"Na sani, Baba," na ce,
ina kakkaɓe garin roba daga hannun rigata.